Lissafina daidai ne, kuɗin ne ba nawa ba

Mahaifina tela ne a kasuwar Wunti, Allah ya jiƙansa. A gidanmu da ke unguwar Jahun a garin Bauchi ba a taɓa shigo da karta ba, kuma ban tuna ranar da ya zaunar da mu ya yi mana faɗa a kanta ba, don babu buƙata. A unguwa idan aka ce wane ɗan karta ne, an gama da shi: ba a ba shi ajiya, ba a ba shi 'ya. Ina 'yan azuzuwan farko na firamare aka ƙaddamar da shari'a a jihar Bauchi, a 2001, sai masu buga ta a gindin bishiya suka koma kangwaye da bayan tasha. Da wannan ƙyamar na tashi. Da wani ya ce mini wata rana zan zama ɗan caca, da sai an raba mu.

Abin da Allah ya ba ni tun ina ƙarami shi ne kan lissafi. In na taso daga makaranta shagon Baba nake wucewa, ni ke riƙe masa littafin awo da na bashi. Kafin ya lalubo biro na faɗi kuɗin yadi biyar da rabi. Maƙwabtan shago har gwada ni suke yi, suna kirana Akanta. Baba ya rasu ina sakandare, Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya ɗauki nauyin karatuna har na shiga jami'a, na zaɓi lissafi.

Ina shekarar ƙarshe korona ta zo, a 2020, malaman jami'a kuma suka tafi yajin aikin da ya ɗauke mu daga Maris har Disamba. Ba karatu, ba aiki, sai kwanciya da latsa waya. A nan ne wani abokin karatuna da ke zaune a Gwallameji ya nuna mini poka a wayarsa, irin wadda ake kira Texas Hold'em. Na ce masa ai wannan karta ce. Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka fi kowa cin darasin yiwuwar aukuwa a ajinmu? Duba da kyau, wannan lissafi ne. Kuma kuɗin bogi ne, ko sisi ba ka sawa." Gaskiya ya faɗa, ba a sa ko sisi. Na sauke manhajar a daren.

Dole in bayyana yadda wasan yake, don wanda bai san shi ba ba zai gane yadda mai hankali ke faɗawa ciki ba.

Kati 52 ne, alama huɗu, kowace da kati 13. Ana ba kowa kati biyu a rufe, shi kaɗai ke ganin abinsa. Kafin a raba, mutum biyu da ke hagun mai rabo sai sun yi zubin dole, ƙarami da babba, babban yawanci ninkin ƙaramin ne, kuma wannan dolen zagayawa take yi hannu bayan hannu, wato duk sabon rabon kati, ba wanda take tsallakewa. Daga nan a buɗe kati biyar a tsakiya waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu: uku a tashi ɗaya, sannan na huɗu, sannan na biyar. Zubi sau huɗu ake yi, kafin a buɗe komai da kuma bayan kowace buɗewa. In layi ya zo kanka, ko ka wuce idan ba wanda ya zuba, ko ka zuba, ko ka biya daidai abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Ƙari ba ya gaza wanda aka yi kafin shi: in wani ya zuba 500, mafi ƙarancin abin da za ka kai shi ne 1,000. Sama kuwa babu iyaka. Kana iya tura duk abin da ke gabanka, shi ne ake cewa ol-in. Amma ba a sa hannu a aljihu a tsakiyar hannu. Abin da ka zauna da shi, da shi za ka buga.

A ƙarshe kowa ya haɗa kati biyar mafiya ƙarfi daga cikin bakwai ɗin. Tagwaye, wato kati biyu iri ɗaya, sun fi kati tilo, tagwaye biyu sun fi ɗaya, uku iri ɗaya sun fi su, sai jere, wato kati biyar masu lambobi bi da bi, sai biyar masu alama ɗaya, sai uku iri ɗaya haɗe da tagwaye, sai huɗu iri ɗaya, a can ƙoli kuma jere mai alama ɗaya. Kuɗin da aka tara a tsakiya, wato tukunya, na mai hannu mafi ƙarfi ne, ko na wanda ya kori kowa da zubi har ba wanda ya rage.

Wannan na ƙarshen ne ya kama ni. Ashe kana iya ci ba tare da katinka ya fi na kowa ba. Ashe akwai dabara.

Na zauna na karanci abin fiye da yadda na karanci kowane kwas. Na koyi cewa gwani yakan ajiye uku cikin huɗu na hannuwan da aka ba shi, ko ma fiye, tun kafin a buɗe komai, shi kuwa sabon shiga kowane kati yana son ya ga ƙarshensa. Na koyi cewa kujera ta fi kati muhimmanci a lokuta da yawa: wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, don haka yana iya buga hannuwan da mai magana da fari bai isa ya taɓa ba. Na koyi auna zubi da tukunya. A ce akwai 3,000 a tsakiya, abokin karawarka ya zuba 1,000. Za ka biya 1,000 don neman 4,000, ke nan kana buƙatar ci sau ɗaya cikin biyar don kada ka yi asara. In kana da kati huɗu masu alama ɗaya, saura kati ɗaya a buɗe, kati 9 ne za su cece ka cikin 46 da ba ka gani ba, wato kusan kashi 20 cikin 100, abin ya zo kan iyaka. Amma da 3,000 ya zuba, kana buƙatar ci sau ɗaya cikin uku, sai ka ajiye ba tare da waiwaye ba. Ita ma burga, wato zuba kuɗi da hannun banza don a tsorata a gudu, da nata ma'aunin. In ka zuba daidai girman tukunya, sai mutumin ya gudu sau ɗaya cikin biyu kafin ka fita kunya. In rabinta ka zuba, sau ɗaya cikin uku ya isa.

Duk wannan gaskiya ne. Har yau da nake wannan rubutu ba zan ce ƙarya ne ba, kuma masu wa'azi a kan caca da ke cewa duk sa'a ce kawai su ne suke sa irina mu toshe kunne, don mun san ba haka ba ne. Sai mu ce malam bai san wasan ba, mu yi watsi da sauran maganarsa gaba ɗaya.

Akwai labarin da kowane ɗan poka ya haddace. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, Chris Moneymaker, ya samu gurbin babbar gasar poka ta duniya da ake yi a Las Vegas ta hanyar wata 'yar ƙaramar gasa a intanet, alhali kuɗin shiga dala 10,000 ne. Ya cinye gasar, ya tafi da dala miliyan 2.5. Da na ji akanta ne, sai na ga kaina. Mutum 839 suka shiga gasar a shekarar, mafi yawansu hannu rabbana suka koma gida, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin ko ɗaya daga cikinsu ba.

A 2021 na fara sa kuɗin gaske, kaɗan-kaɗan. Shafukan da dala suke aiki, Babban Bankin Najeriya kuma ya hana bankuna hulɗa da kuɗin kirifto a watan Fabrairun shekarar, sai muka koma saye a hannun mutane kai tsaye: ka tura wa wani naira, ya tura maka dalar kirifto. Na ba kaina fatawa cewa caca ita ce wadda babu ƙwarewa a cikinta, wannan kuwa sana'ar ƙwaƙwalwa ce. A ƙananan tebura na riƙa ci. Na buɗe littafi, ina rubuta abin da na shiga da shi da abin da na fita da shi, kuma ƙasan shafi riba yake nunawa.

Bayan bautar ƙasa aiki bai samu ba. Kawu ya ba ni jari na kafa rumfar POS a kasuwar Muda Lawal, wajen masu kayan miya da doya. Allah ya sa wa abin albarka. 'Yan kasuwa suka yarda da ni saboda ban taɓa kuskuren kwabo ba, har wasu suka fara ba ni ajiya, mata kuma suka mai da ni mai riƙon adashe. Na yi aure a ƙarshen 2022.

A wannan tsakanin ne muka fara haɗuwa daren Asabar a wani ɗaki a Gwallameji, mu shida ko bakwai, da kati na gaske. Murafan lemo muke amfani da su a madadin kuɗi, kowane launi da darajarsa, da asuba a yi lissafi a tura wa juna ta waya. Ni ne alƙalin doka. Ni na hana wani da ke ajiye murafai biyu, ya kalli fuskokin mutane, sannan ya ƙaro uku; na ce doka ita ce ka faɗi adadi da bakinka ko ka tura gaba ɗaya a motsi guda. Ni ke raba tukunya biyu idan mai ƙaramin jari ya yi ol-in sauran suka ci gaba da zubi. Mai ɗakin yana cire kamashonsa, kashi 5 cikin 100 na kowace tukunya, kamar yadda shafukan intanet ma ke cirewa.

Ga abin da masu cewa poka sana'a ce ba sa son faɗa da babbar murya. Babbar dabarar wasan ba a kati take ba, a zaɓen abokin zama take. In gwanaye shida suka zauna, kuɗi zai yi ta yawo a tsakaninsu, kamasho yana cinye su a hankali. Dole sai an samu wanda bai iya ba. Kifi ake kiransa, kuma kowane tebur neman nasa yake.

Ni na kawo namu. Ɗan maƙwabcinmu ne a Jahun, yaron da na girme shi da 'yan shekaru, yana tuƙa Keke Napep ɗin wani, yana kai balas kullum da alkawarin in ya cika kuɗin keken ya zama nasa. Shi ke ɗaukata zuwa kasuwa. Wata rana ya ga wasan a wayata ya ce, "Yaya, koya mini mana." Na koya masa jerin hannuwa da yadda ake zubi. Ban koya masa ajiye kati ba. Irinsa ba ya gudu, ko da tagwayen banza sai ya biya har ƙarshe don ya gani da idonsa, kuma maganin irinsa sananne ne: kada ka taɓa yi masa burga, ka jira hannu mai ƙarfi, ka zuba da nauyi sau uku, zai biya. Haka na riƙa yi masa. In an tashi shi ke mai da ni gida a kekensa, yana ta ba ni labarin yadda saura ƙiris ya ci, ina bayansa da kuɗin balas ɗinsa a asusuna, ina ce masa sa'a ce ba ta zo ba, mako mai zuwa.

Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Wanda ya ga layukan bankuna a Bauchi a watan Fabrairun nan ba zai manta ba. Mu masu POS kuwa kakarmu ce ta yanke saƙa. 'Yan kasuwa suna kawo mini tsabar kuɗi, ina sayar wa masu nema da caji mai tsada, kuɗi suna kwana a hannuna fiye da yadda na taɓa gani. Sai ƙananan tebura suka fara ba ni haushi. Na ce mutumin da ke ci a teburin dala 20, me zai hana shi ci a na dala 1,000? Lissafin ai ɗaya ne.

Daren da na hau babban tebur, ba wuta, matata tana barci, na fito tsakar gida na zauna a kan turmi da waya a jone da fawa-bank. Zubin dole dala 5 da 10 ne, na zauna da dala 1,000, wajen naira 750,000 a canjin bayan fage na lokacin. Fiye da rabinsu ajiyar mutane ce. Na ce aro ne na dare ɗaya. Na yi ta ajiye kati kamar yadda doka ta ce, har wajen ƙarfe biyu, sai ga as biyu, as kuwa shi ne kati mafi daraja. Babu hannun farawa da ya fi shi, kuma sau ɗaya yake zuwa cikin hannu 221. Na ƙara zuwa 30. Wani ya mayar da shi 100. Na kai 250. Bai ɓata lokaci ba ya tura duka. Na biya kafin in ja numfashi. Aka buɗe katinsa: sarki biyu, katin da ke bin as a daraja. As biyu a kan sarki biyu suna ci kusan sau 82 cikin 100. Aka buɗe uku na farko, bakwai da biyu da tara. Na huɗu ya zo huɗu. Yanzu kati biyu kacal za su cece shi cikin 44, sau ɗaya cikin 22. Har na fara ninka dala 2,000 da 750 a kaina. Kati na biyar ya juyo, sarki.

Ban yi ihu ba. Na ji dai kunnuwana sun toshe, tafin hannuna ya jiƙe har wayar tana santsi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu inda zan nuna in ce ga kuskurena a wannan hannun. Duk gwanin duniya haka zai buga shi. Lissafin bai yi mini ƙarya ba, tun farko ya gaya mini cewa kusan sau ɗaya cikin biyar zan faɗi. Alkawarinsa a kan dubban hannuwa yake, ba a kan dare ɗaya ba, shi ya sa masu wasan ke cewa kada ka zauna a tebur sai kana da ninkin kuɗin zama 30 ko fiye a ajiye, kuɗin da in sun salwanta ba za su hana ka barci ba. Ni guda ɗaya nake da shi, kuma na masu tumatir da albasa ne.

Na san dokar da ta biyo baya ma: in an ci ka irin wannan ci, ka kashe waya ka kwanta, don zafin kai ya fi kowane mugun kati cin kuɗi. Na karanta, na koya wa wasu. Kafin kiran assalatu na sake sayen dala. Mutumin da ke ajiye hannu uku cikin huɗu ya koma buga kowane kati, yana burga ga waɗanda ba sa gudu, yana biyan zubin da ya san sarai bai kai ba. Ina jin liman ya tayar da sallah, ina cewa bari wannan hannun ya ƙare.

Watannin da suka biyo baya ba na son tsayawa a kansu. Ina ɗaukar ajiyar wannan in biya wancan. Na ci bashi a manhajojin ba da rance na waya, na farko ya kai ni ga na biyu. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dala ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024, ke nan duk dalar da zan saya don in rama ta ninka tsada. Ranar da na ci sai in ga alamar farfaɗowa, ranar da aka ci ni sai in ce saɓanin sa'a ne. Littafin riba na daina rubuta shi. Na rame, na zama mai faɗa. Matata tana da ciki a lokacin, ta tambaye ni ba sau ɗaya ba, "Malam, wai me ke cikin wayar nan da ba ka barci?" Sai in ce lissafin kasuwa ne.

Wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka ce ta fasa ƙwan. Kullum da la'asar takan kawo mini abin da ta samu, wani lokaci 500, wani lokaci 1,000, a ƙudundune a bakin zani, tana tara wa autarta kuɗin kayan ɗaki. Da biki ya matso ta zo karɓa. Na ce Iya, netiwok ne, gobe. Ta dawo, na ce banki ne suka riƙe. Da ta sake dawowa ba ta zauna a benci ba, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba, amma na san netiwok ba ya cin kuɗin mutum mako guda. In wani abu ne ya same ka, faɗa mini, ni uwa ce." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na kasa ɗaga kai. A makon ne kuma masu ba da rance suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata, har surukaina, da hotona, suna cewa ni ɓarawo ne.

A zauren Kawu aka zauna, da shugabannin layinmu na kasuwa da limamin unguwa. Kawu ya ce, "Nawa ne?" Na buɗe littafin ajiya na karanto, suna da adadi, babu kuskuren naira ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ubanka ma yana da littafi. Nasa na waɗanda yake bi ne." Aka sayar da filin gadonmu da ke hanyar Dass, wanda ba nawa ba ne ni kaɗai, ƙannena mata biyu suka sa hannu suna kuka. Aka fara biyan dattijuwar nan, sannan masu adashe. Na'urar POS da rumfa suka tafi. Mahaifiyata ba ta ce mini komai ba sai "Allah ya shirya," kuma ta daɗe ba ta karɓi ko goro daga hannuna ba.

Liman ya tsayar da ni bayan an watse. Ya karanto mini aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida, inda aka ce Shaiɗan yana son jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane ta hanyar giya da caca, ya kuma kange su daga ambaton Allah da sallah. Na haddace su tun a Islamiyya. Saura ƙiris in fara yi masa bayanin ƙwarewa da sa'a, don bakina ya saba. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi mini: "To in ka ci, daga aljihun wa kuɗin ke fitowa?"

Na koma gida na yi lissafin da ban taɓa yarda na yi ba. Teburinmu na Gwallameji, a ce mu shida, kowa ya zo da 10,000, jimla 60,000. Ba a noma komai a ɗakin, ba a ɗinka komai, ba a sayar da komai, kuɗin nan dai su ne. In tukunya ta tsaya a 2,000, kamasho 100 ne a kowane hannu. A buga hannu 30 a awa, awa shida, mai ɗaki ya kwashe 18,000 bai taɓa kati ba. Saura 42,000 mu shida muke yaƙi a kai, kuma duk abin da na taɓa kira ribata daga nan ta fito, mafi yawa daga aljihun yaro ɗaya. A intanet hannuwa sun fi haka gudu nesa ba kusa ba, kuma ranar da na hau babban tebur ni ne kifin da suke jira.

Dainawa ba ta zo da sauƙi ba. Na koma sau ɗaya bayan duk wannan, da kuɗin sunan ɗiyata, na ce zan ninka su in sayi rago babba. Matata ce ta kama ni. Ba ta yi hayaniya ba, ta miƙo hannu kawai, na ba ta wayar. Tun daga ranar babbar waya a hannunta take, ni ƙarama nake riƙewa, ta kira da saƙo. Ko ta kuɗin bogi ban sake buɗewa ba, don na san ta wace ƙofa na shiga. Albashina asusun da Kawu ke gani yake faɗawa. Wasu abokai sun ce wannan ƙasƙanci ne ga magidanci. Mai yiwuwa. Na dai gwada riƙe kaina da kaina, kowa ya ga inda aka kwana.

Har yanzu abin bai bar kaina ba. Ina cikin sahu wani lokaci sai in tsinci ƙwaƙwalwata tana ƙirga kati tara cikin 46. In na wuce majalisa na ga samari sun duƙufa a kan waya, daga yadda suke riƙe ta nake gane mai kallon ƙwallo da wanda ya sa kuɗi.

Yanzu ina riƙe wa wani dillalin hatsi littafi, da yamma kuma ina koyar da 'yan sakandare lissafin jarrabawa. Bashin kasuwa ya kusa ƙarewa. Rabon ƙannena na fili shi ne babba, na rubuta shi, ina ragewa kaɗan-kaɗan.

Yaron nan mai keke bai cika balas ba, mai keken ya karɓe abinsa bayan ya biya fiye da rabi. Ya tafi Abuja yana acaɓa a ƙauyukan gefen gari, kuma na ji yanzu cacar ƙwallo yake yi. Malamai sun ce mini abin da aka ci a caca, in an san mai shi, mayar masa ake yi. Na dalolin intanet ban san masu su ba, amma nasa yana cikin tsohon littafina, dare bayan dare. Da ya zo hutun Sallah na same shi a ƙofar gidansu na faɗa masa adadin, na ce zan biya shi. Ya ƙi. Ya ce, "Haba Yaya, ai ci ka yi, ba sata ka yi ba. Ni ma da na ci ba zan mayar maka ba." Na ce masa na san abin da nake yi a lokacin, shi bai sani ba. Ya ce shi fa yanzu ya gane wasan, da za a sake zama da na gani.

Na je wurin mahaifiyarsa na yi mata bayani. Duk ƙarshen wata nakan kai mata abin da ya sawwaƙa, tana ajiye masa a wurin ƙaninta ba da saninsa ba, don in ya shiga hannunsa mun san inda zai tafi. In Allah ya yarda zan gama biyan nasa kafin babbar Sallah mai zuwa.